Ashe uwar Birju ita ce ta haifi Sanjay Dutt?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum ƴan zaure, dan Allah ku yi haƙuri da dogon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai tun jiya. Hajiyarmu ce ƙafa ta matsa mata kwana biyu, na je na kwana wajenta, cikin dare barci ya ƙi zuwa sai tace in nemo mata Mother India a waya. Na jingina wayar da filas ɗin shayi muka zauna kusan awa uku, ba fassara ba komai, amma wlh tana gaya min abin da zai faru kafin ya faru. Da aka zo wajen da Radha, uwar da ke cikin fim ɗin, ta ɗora garma a kafaɗa tana ja da kanta saboda shanun sun tafi, yara na turawa ta baya, sai na ga Hajiya ta kama bakin mayafi tana share ido, tace haka innarta ta yi noma ita kaɗai shekarar da babansu ya rasu. Da safe na shiga bincike, nan fa kaina ya ɗaure. Wai matar nan da na gani da furfura tana dogara jiki shekararta 28 kacal lokacin da fim ɗin ya fito a 1957, sunanta Nargis, kuma wai wanda ya fito a ɗanta Birju shi ta aura daga baya, su suka haifi Sanjay Dutt. Manyanmu da suka ga zamanin sinima ku warware min, gaskiya ne? Kuma me ya sa tana kan ganiyarta ta bar fim?

Baba na Fagge:
Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne. Duk abin da kika karanto gaskiya ne. Mu a Wapa da Plaza muka kalle shi, kuma lokacin ma fim ɗin ya tsufa amma duk sanda aka maimaito shi sai an yi layi. Sunanta na yanka Fatima Rashid, an haife ta a Kalkata ranar 1 ga Yuni 1929. Sunil Dutt, wanda ya fito a Birju, shi kuma 6 ga Yuni 1929, kin ga kwana biyar ne tsakaninsu, kwalliya ce kawai ta mayar da ita uwarsa.

Sadiq Kawo:
kai subhanallah Dan daba mai lasin dan ta ne?? ni fa tun ina yaro nake kallon Khal Nayak ban taba sanin uwarsa ma yar fim bace

Baba na Fagge:
Ɗana ai gado ne tun daga kaka. Mahaifiyar Nargis, Jaddanbai, mawaƙiya ce sananniya, tana tsara kiɗa kuma tana shirya fim da kuɗinta a zamanin da mace ba ta kusantar wannan harka. Ita ta fara saka ta a fim a 1935 tana ƴar shekara shida, Talash-e-Haq. Uban kuwa mabiyin addinin Hindu ne ɗan Rawalpindi da ya musulunta ya koma Abdul Rashid. Tana shekara 14 Mehboob Khan ya ba ta jaruma a Taqdeer, 1943, kuma shi dai wannan Mehboob ɗin ne ya yi Mother India bayan shekara 14.

Anti Bilki Zariya:
Ki ƙara da labarin gobara Maman Ilham, don shi ne asalin auren. Kin tuna wajen da aka cinna wa tarin ciyawa wuta Birju ya ɓuya a ciki, uwar tana ta gudu tana kiransa? Wuta ce ta gaske, a wani ƙauye a jihar Gujarat aka ɗauka, iska ta juya wutar ta zagaye ta, Sunil Dutt ya faɗa ciki ya fito da ita shi kuma ya ƙone a fuska da ƙirji da hannu. Ita ta zauna jinyarsa. A fim uwa ce ke ceton ɗa, a zahiri ɗan ne ya ceci uwar. Ranar 11 ga Maris 1958 suka yi aure, kuma lokacin ita ce babbar tauraruwa shi kuwa sabon shiga ne, kafin nan ma aikin gabatar da shiri yake a Radio Ceylon yana hira da ƴan fim.

Maman Ilham:
Ikon Allah. Anti wlh jikina har ya yi sanyi, jiya muna wajen nan Hajiya tana ta salati kamar yanzu abin ke faruwa.

Malam Habu Jos:
Ni dai ina da ƙorafi a kan yadda mu Hausawa muka ɗaure matar nan a fim ɗaya tal. Duk wanda ka ce wa Nargis sai ya ce uwar Birju, kamar ba ta taɓa yin komai ba sai noma da kuka. Ku nemi Andaz na 1949, ita da Dilip Kumar da Raj Kapoor, shi ne kaɗai fim ɗin da mazan nan biyu suka haɗu, ta fito a ƴar mai kuɗi ƴar boko mai hawan doki, tana wasa da dariya da namiji da zuciya ɗaya shi kuma ya ɗauka so ne, ƙarshe abin ya kai ta harbe shi aka ɗaure ta. A Awaara na 1951 lauya ce, ta tsaya a kotu tana kare saurayinta tana yi wa alƙalin da ya rene ta tambayoyi. A Shree 420 na 1955 malamar makaranta ce talaka mai riƙon gaskiya. Abin da ke burge ni da ita ba ta ihu, sa'anninta da yawa wasan dandali suke kawowa gaban kyamara, hannu sama ido waje, ita kuwa sai ta yi shiru ta ɗan sunkuyar da kai ka gane duk abin da ke ranta. Ku lura da fuskarta a waƙar lema ɗin nan cikin ruwan sama, muryar Lata Mangeshkar ce amma za ka rantse daga ƙirjinta take fitowa.

Ummi Gwale:
Malam wakar lema na sani!! tana yawo a TikTok, ashe itace. yaran nan uku da suke wucewa da rigar ruwa suna ban sha'awa

Malam Habu Jos:
Ƴaƴan Raj Kapoor ne na cikinsa ƙanwata, ƙaramin shi ne Rishi Kapoor. To a nan ne ma abin tausayin yake. Ta tsaya tana nuna su da yatsa a waƙa, alhali ƴaƴan wata matar ne.

Anti Bilki Zariya:
Yauwa Malam ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Fim 16 ta yi da mutumin nan daga Aag a 1948 har Chori Chori a 1956, tambarin kamfaninsa na RK ma daga wani hotonsu ne a Barsaat, yana riƙe da goge a hannu ɗaya ita a ɗayan. Har Mosko suka je tare a 1954 saboda yadda Rashawa suka haukace a kan Awaara. Kusan shekara tara tana tare da shi, shi kuwa ya yi aure tun 1946 kuma bai da niyyar rabuwa da matarsa. Ta ba shi ƙuruciyarta da sunanta, lokacin da suka fara ma ta fi shi suna nesa ba kusa ba. Ni wannan ne yake min ciwo, duk wadda ta taɓa zaman jiran namijin da ba zai zo ba ta san abin da nake faɗa.

Alhaji Sani Kantin Kwari:
Hajiya Bilki a yi adalci dai. Ta san yana da mata ta shiga. Matar gida fa, Krishna, ba wanda ke tausaya mata? Ita ma ƴar wani ce, tana gida da yara duniya na ta yaɗa hoton mijinta rungume da wata.

Anti Bilki Zariya:
Alhaji ban ce ba ta da laifi ba, kuma Krishna ta fi kowa cutuwa, na yarda. Amma yarinya ce ƴar shekara 19 da suka fara aiki, uwarta ta rasu a 1949, wa zai ja mata kunne? Shi da ke da iyali shi ya kamata ya san iyakarsa. Abin da na ke yaba mata shi ne ranar da ta gane ba inda hanyar za ta kai ta, ta tattara ta koma wajen Mehboob ta karɓi matsayin tsohuwa, wanda ƴan mata da yawa za su ƙi don kar a ce sun tsufa.

Alhaji Sani Kantin Kwari:
Wannan kam haka ne. Na janye rabin maganata.

Issoufou Maradi:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina gaishe ku daga Maraɗi. Mu nan abin da ya sa tsohinmu suka riƙe wannan fim ba soyayya ba ce, bashi ne. Rufi 500 uwar miji ta ranta wurin Sukhilala don biki, ba ta iya karatu ba, ta dangwala yatsa, sai ga shi kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nashi ne duk shekara kuma uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba. Mijin ya tahi share gonar duwatsu dutse ya danne mai hannuwa biyu, kunya ta sa ya bar gida cikin dare. Wanda duk ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka ya san Sukhilala, akwai shi cikin kowace kasuwa. Babana in ya ga mai irin wannan hali sunan da yake kiran shi ke nan, kuma bai san kalma guda ta Indiyanci ba.

Maman Ilham:
Wlh Malam Issoufou haka Hajiya ma ta ce, wai a garinsu akwai wani mai awo da ake kira haka a ɓoye. To amma ni tambayar da ta hana ni sukuni, ku iyaye mata ku gaya min tsakani da Allah, akwai uwar da za ta iya ɗaga bindiga ta harbi ɗan da ta haifa saboda ƴar mutumin da ya cuce ta shekara da shekaru? Mutumin da ya nemi mutuncinta da abinci lokacin da ambaliya ta cinye komai yaranta na kukan yunwa?

Hajiya Mairo Sakkwato:
Ɗiyata ni na haifi takwas, na ga fim ɗin ya fi sau goma, kuma har gobe ban iya ba. Zan tsine mai, zan kai shi ga hukuma da hannuna, amma harbi a'a. Sai dai ki lura ba don Sukhilala ta yi ba. Ta yi wa gari alkawali cewa ɗanta ba zai taɓa mutuncin ɗiyar kowa ba, ita da ta ƙi sayar da nata mutuncin ranar da yunwa ta fi tsanani, to in ta bari Birju ya ɗauke amarya a kan doki ranar bikinta duk wahalar da ta sha ta tashi a banza. Wurin da ke karya ni shi ne da ya faɗo, ya miƙo mata awarwaronta da ya ƙwato, da jini a jiki. Tun yana ƙarami abin da ke cin ransa ke nan, awarwaron uwarsa a hannun mai bashi.

Sadiq Kawo:
gsky ni ina bayan Birju. an cuci ubansa an cuci uwarsa an kwace gona, kowa yayi shiru shi kadai ya tashi, karshe shi aka kashe. wannan ba adalci bane Hajiya

Hajiya Mairo Sakkwato:
Ɗana ka yi gaskiya rabi. Yarinyar me ta yi mai? Ubanta ne mai laifi kuma ya riga ya kashe shi. Kuma da Nargis ta harbe shi da busasshen ido da mu ma mun tsane ta, kallon da ta yi bayan ta sauke bindigar shi ya sa har yau muke wannan gardama.

Malam Habu Jos:
Shi ya sa aka ba ta kyautar jaruma a bikin Karlovy Vary a Chekoslobakiya a 1958, ga kyautar Filmfare ta finafinan Indiya, ga lambar Padma Shri ta gwamnatin Indiya a shekarar, tana cikin ƴan fim mata na farko da suka samu. Fim ɗin kuma shi ne na Indiya na farko da ya shiga jerin ƙarshe na Oscar, wani fim ɗin Italiya na Fellini ya doke shi. To ku dawo kan tambayar Maman Ilham ta biyu. Mace ta kai nan tana shekara 29 sai ta rufe ƙofa. Ni a ganina asara ce babba. Sunil Dutt ya ci gaba da fim shekara da shekaru, Raj Kapoor ya ci gaba, Dilip Kumar har tsufa, ita kaɗai ce ta biya kuɗin auren da sana'arta. Hujjata Raat Aur Din na 1967, ta dawo sau ɗaya bayan kusan shekara tara, ta fito a mace mai taɓin ƙwaƙwalwa da rana matar aure kamila da dare wata daban, nan take ta ɗauki kyautar jaruma ta ƙasa, kuma ita aka fara ba wa. Ashe wutar ba ta mutu ba, rufe ta aka yi.

Anti Bilki Zariya:
Malam a nan kam mun raba hanya. Kana lissafi ne kamar ɗan kallo. Yarinyar da aka tsayar gaban kyamara tun tana shekara shida, ita ke ɗauke da gida, yaushe ta yi ƙuruciya? Sama da shekara ashirin tana yi wa wasu aiki. In ta ce ta gaji tana son ɗakinta da ƴaƴanta ni ban ga asara ba. Kuma ba zaman kashe wando ta yi ba, ita da mijin suka kafa Ajanta Arts suna kai mawaƙa da ƴan wasa bakin iyaka wajen sojoji, ta tsaya wa ƙungiyar kula da yara masu lalurar shanyewar jiki, a 1980 aka naɗa ta majalisar dattawansu ta Rajya Sabha.

Ummi Gwale:
Anti amma ai irin abinda ke faruwa a Kannywood ne, jaruma na tashe tayi aure shikenan an daina ganinta, in auren ya mutu ta dawo a zage ta. namiji kuwa ko mata hudu yayi yana fim dinsa

Anti Bilki Zariya:
Da kama Ummi, amma bambancin ita aurenta ya zauna shekara 23 har mutuwa ta raba, kuma mijin bai ɓoye ta ba, duk inda za shi tare suke. Abin da nake so a bar wa mace shi ne zaɓi, in ta zauna kar a ce ta yi asara in ta fita kar a ce ta lalace.

Abu Hanifa:
Duk kun kauce wa babbar magana. Musulma ce sunanta Fatima ta auri wanda ba musulmi ba, wannan haramun ne ba ja, kuma kuna ta yabonta.

Baba na Fagge:
Malam hukuncin da ka faɗa ba wanda ya musa a nan, kuma ba wanda ya ce a yi koyi da ita a wannan. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne da ta rasu a maƙabartar musulmi ta Bada Qabrastan a Bombay aka binne ta, ba a ƙona ta ba, mijin ne kuma ya tsaya a kan hakan. Sauran yana wurin Ubangijinta. Ka kuma san yanayin ƙasar, bayan rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 an yi kashe-kashe na addini ba kaɗan ba, shi kansa Sunil Dutt ɗan gudun hijira ne daga ɓangaren da ya zama Pakistan. Dilip Kumar Yusuf Khan ne, Madhubala Mumtaz ce, Meena Kumari Mahjabeen ce, duk sunan Hindu suka ɗauka a fim. Ita da sunan Farisanci ta tsaya, sunan fure ne, kuma da shi ta zama fuskar da ƙasar gaba ɗaya ke kira uwa.

Admin:
Dan Allah a tsaya kan tarihi da fim, maganar makomar mutum a lahira ba tamu ba ce. Na gode.

Malam Habu Jos:
Abu ɗaya da ban goyi bayanta ba, tana majalisa ta soki daraktan fim Satyajit Ray wai yana tallata talaucin Indiya ga Turawa don ya samu kyaututtuka. Haba, wadda duniya ta sani da laka har wuya tana haƙo saiwa ta ciyar da yara? Wane talauci ne ya fi na Radha?

Issoufou Maradi:
Malam ina ga abin da take nuhi, talaucin Radha yana da ƙarshe. Fim ɗin ya buɗe da tarakta da sabuwar hanyar ruwa an zo ana roƙon ta ta buɗe, wato ƙasa ta ci gaba. Amma ni ma ina ganin ba ta kyauta mai ba, wanda ya nuna yunwa ba shi ya kawo ta ba.

Nas Hauwa:
Ni ƙarshenta ne ke sa ni kuka saboda ina ganin irinsa a wajen aiki. A 1980 ɗin da ta shiga majalisa aka gano tana da ciwon daji a gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da insulin, irin wanda ba ya nuna kansa sai ya yi nisa. Mijin ya kai ta asibitin Sloan Kettering a New York ya zauna da ita wata da watanni, suka dawo Bombay, ranar 3 ga Mayu 1981 ta cika tana da shekara 51. Kwanaki kaɗan bayan nan aka buɗe Rocky, fim ɗin Sanjay na farko a matsayin jarumi, aka bar kujera ɗaya ba kowa tsakanin uba da ɗa. Kuma ta tafi da damuwarsa a rai don lokacin ƙwaya ta riga ta kama shi, shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda sai a gidan gyaran hali a Amurka ya saurari kaset ɗin da ta naɗa masa tana gadon asibiti, ya yi ta kuka awa da awanni. Mijin daga baya ya kafa gidauniyar yaƙi da ciwon daji da sunanta, bai ƙara aure ba har ya rasu a 2005.

Maman Ilham:
Innalillahi. Wato a fim ɗa ya gagare ta, a gida ma ta ɗanɗana.

Baba na Fagge:
Ga wani kuma da zai ba ki mamaki ƴata. Ramu, ɗan kirkin nan yayan Birju, Rajendra Kumar ke nan, ɗansa Kumar Gaurav shi ya auri Namrata ƴar Nargis. Ƙaramar kuma Priya ta zama ƴar majalisa a kujerar ubanta. Ki gaya wa Hajiya Ramu da Birju sun zama surukai, ki ji me za ta ce.

Maman Ilham:
Baba yanzu na karanta mata, ta riƙe baki tace to wa ya karɓi sadaki a cikinsu. Ta ce in gaishe ku duka musamman Hajiya Mairo, wai ita ma ba za ta iya harbin ba. Malam Habu yau da dare Andaz za mu gwada in na samu mai kyan hoto, in akwai mai shi da fassara ko da rubutu a ƙasa dan Allah ya turo min kafin isha'i don data ta ta kusa ƙarewa.